Maiwar da Na Shuka a Faransa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ja mini kwana har na ga jikoki suna gyara mini magana. Wannan babi naku ne, Rabi da Lawali da ƙannenku. Akwai labarin da na daɗe ina ba ku shi a karkace, kuma ba na son a kai ni makwanci da shi a haka.

Tun da rashin zaman lafiya ya taso mu daga ƙauyenmu na bayan Jangeru, muka dawo Ƙaura Namoda muna raɓe a ɗaki biyu cikin gidan mutane, na lura zancen Faransa ya dawo bakinku. Da can abin tsokana ne, ku ce Baba ya je ƙasar Turawa bai dawo da komai ba sai hular sanyi da son cuku. Yanzu babu dariya a cikinsa. Ran nan bayan azahar ina kishingiɗe a zaure, ana zaton barci nake, na ji Lawali yana ce wa yayarsa:

"Wai a ba mutum gida da gona a ƙasar Turawa, shi ce sai maiwa ta yarda! Da yanzu can muke, ba mu san gudun hijira ba."

"Kai dai ruhe muna baki," in ji Rabi. "Ƙaddara ta. Maiwar ba ta yi ba, mi kaka so shi yi?"

Ban motsa ba, amma maganar Rabi ta fi ta Lawali yi mini ciwo, domin abin da na koya mata ne ta maimaita, kuma ba haka aka yi ba. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku zauna ku ji.

Lokacin ina sabon magidanci, Rabi tana goye, aikin haƙar rijiya ya tsallaka da ni iyaka zuwa cikin Nijar. Can na haɗu da wani Bafaranshe mai suna Luk, dogo, jawur don rana, wanda yake bin ƙauyuka yana gina rijiyoyin siminti. Rani uku muka yi tare, ni a ƙasan rami shi a baki, har na tsinci Faransanci irin na wurin aiki, wanda rabinsa umarni ne rabinsa zagi. Wata rana wasiƙa ta zo masa cewa mahaifinsa ya faɗi ya karye a ƙugu, ga awaki ga gona babu mai kula. Luk ya fi son rana da rairayi a kan garinsu, ya ce shi ko ɗaure shi aka yi ba zai koma noma ba. Sai ya dube ni ya ce ko zan je in riƙe wa tsohon damina ɗaya. A wancan zamani takardun tafiya ba su zama abin da suka zama yanzu ba, shi ya yi ta zirga-zirga har suka fito. Bayan kwana biyu Baba, wato kakanku, ya ce in je, tafiya mabuɗin ilimi ce. Inna kuwa, ranar tafiya ta kira ni bayan rumbu ta danƙa mini wani ƙullin tsumma.

"Amshi wagga maiwa. In cimarsu ta ƙi ka, ka samu mai daka ma ka sha kunu. Kuma ka ji da kyau, Sani, aro munka ba da kai, damana guda. Ba kyauta ba."

Sunan garin ba zan rubuta shi ba, don ko a lokacin in na faɗe shi sai tsofaffin su riƙe ciki don dariya. Ni Gangare nake ce masa. Bayan jirgin sama da jirgin ƙasa, motar mai burodi ce ta ƙarasa da ni, don ita kaɗai ke hawa can, sau uku a mako. Muka yi ta zagaya duwatsu har kaina ya juya, sai ga garin ya bayyana a manne jikin tsauni, gidaje na dutse, rufinsu na dutse, har lungunan da ke tsakaninsu dutse ne. Gajimare yana ƙasa da mu, kwance cikin kwari, har na tambayi direban ko daji aka ƙona. Ni da na tashi inda in ka hau rumbu kana hango garin gaba, ban taɓa zaton mutum zai tsaya da ƙafarsa ya leƙa gajimare daga sama ba. Fili kuwa babu ko na shimfiɗa tabarma goma. Kakanninsu ne suka sassare jikin tsaunin hawa-hawa, kowane hawa suka tokare shi da katangar duwatsu, ba laka ba siminti, suka yi ta ɗauko ƙasa daga kwari a kwando suna zubawa har ta isa shuka. Waɗannan hawan su ne gonakinsu. Sun jeru tun daga bakin rafi har gidan ƙarshe, amma waɗanda ake nomawa 'yan kaɗan ne, sauran ƙaya da itatuwa sun cinye su.

A tsakiyar gari akwai wani bakin dutse da ruwa ke zubowa daga cikinsa zuwa wani komi, ya cika ya malala ya bi gangare, safe da yamma, babu mai ɗiba. Ku tuna ni mahaƙin rijiya ne, na san gaba nawa ake nutsawa kafin a ga danshi. Kwana uku ina wucewa ina kau da kai. A na huɗu na kasa, na sami tsumma na cusa a bakin na toshe shi. Ban yi nisa ba na ji ana ƙwala mini kira. Wata tsohuwa ce 'yar firit mai sanda, maƙwabciyarmu, sunanta Madam Odet.

"Kai, baƙon Anri! Me ruwan nan ya yi maka?"

Na ce, "Madam, ɓarna yake yi. Na ga ba mai sha."

Ta yi dariya har sai da ta zauna a bakin komin. Ta ce tun kafin a haifi kakar kakarta yake zuba, kuma ranar da ya yi shiru mutanen garin ba za su iya barci ba. Ta sa na cire tsumman da hannuna. Daga ranar muka ƙulla, duk inda ta gan ni sai ta ce ga mai gadin ruwa.

Anri shi ne mahaifin Luk. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hannuwansa kamar saiwa, magana kuwa sai ka roƙa. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Yana da garken awaki, da hawa huɗu na dankali da albasa da wake, da kurmin wani itace da 'ya'yansa ke zuwa cikin kwanso mai ƙaya kamar bushiya, in an gasa su sai ka ce dankalin Hausa aka zuba wa zuma. Aikina in yi tatsa da safe, in kora awaki sama, in dawo in yi noma, shi kuma yana zaune kan katanga da sandunansa biyu yana nuna mini aiki da haɓa. Bai taɓa ajiye mini abin da addinina ya hana ba, kuma da ya ga ina salla sai ya share mini wani wuri kusa da murhu ya hana karensa zuwa. Da yamma yake buɗe baki, kaɗan-kaɗan, ni kuma in haɗa abin da na gane da abin da na ƙaga. A haka na ji tarihin garin. Ya ce itacen nan shi ya rayar da kakanninsa, su busar da 'ya'yan a hayaƙi su niƙa su yi burodi, shekarar da bai yi ba kuwa a sha yunwa. Ya ce yana yaro akwai maƙeri da masaƙa da injin niƙa da ruwa ke juyawa, kuma in bazara ta yi tumaki na ratsa garin zuwa saman tsauni, tun safe har azahar ba su gama wucewa ba, kowace da ƙararrawa a wuya. Sai yaƙi ya zo ya kwashi samari. Ya kai ni gaban cocinsu ya nuna mini wani dogon dutse da aka sassaƙa sunayen waɗanda ba su dawo ba, ya ɗora yatsa kan guda uku masu sunan gidansu. Waɗanda yaƙi ya bari, in ji shi, kwalta ce ta zo ta kwashe su zuwa birni.

Mutanen da suka rage ba za su cika sahu biyu a masallacin ƙauyenmu ba, kuma kusan duk sun girmi Baba. Gida uku a kulle, ɗaya a buɗe, haka za ka yi ta wucewa. Madam Odet ce ke riƙe da mabuɗin lakwal, wato makarantar garin, wadda aka rufe tun da yara suka ƙare. Duk Asabar sai ta buɗe ta share, ta goge bencina, ta murɗa agogon bango don kada ya tsaya, ta kulle. Na taɓa tambayar ta don wa take wannan wahala. Ta ce don kada su zo su tarar da datti.

Maiwar Inna kuwa babu mai dakawa, garin ko turmi babu. Da ƙasa ta yi ɗumi sai na ga wani siririn hawa a bayan gida, jikin katangar da rana ke duka tun hantsi, na roƙi Anri ya ba ni aro. Na sara ramuka, na zuba iri, na rufe da dunduniya yadda muke yi, yana kallona yana girgiza kai. Kwana biyar ta tsiro. Ban san ina kewar gida haka ba sai da na ga wannan tsiron, na durƙusa a gabansa hawaye na zuba, ban ko ji kunya ba.

Daga nan kwanakin suka zama wasu iri, har yau in na tuna su sai in rasa ko yin su na yi ko mafarkinsu. Rana ta ƙi faɗuwa. Ka yi la'asar, ka tatsi awaki, ka ci abinci, ka zauna, ka gaji da zama, ita tana nan rataye bisa tsauni, haske rawaya ya kwanta kan rufin gidaje, ƙararrawar coci ta buga tara amma kana iya zura zare a allura. Ƙamshin ciyawar da aka yanka ya cika gari. Nakan zauna can sama tare da awaki in ga inuwar gajimare tana tafiya a hankali kan kwari, in ji kamar babu wani wuri a duniya da ake jira na. A tsakiyar wannan lokaci suka yi bikin garinsu na shekara. 'Ya'ya da jikoki suka zo daga birane, aka buɗe gidajen da ke kulle, aka hura tsohon tandun gari da ya shekara ba wuta, aka jera tebura a fili, wani tsoho ya ɗauko abin kiɗansa mai numfashi kamar zugazugi. Na ga Madam Odet ta jingine sanda tana rawa. Yara suna guje-guje suna watsa wa juna ruwa. Kwana biyu aka yi, a na uku motoci suka gangara ɗaya bayan ɗaya, aka mayar da makullai, sai ƙarar ruwan nan kawai ta rage. Ba zan ɓoye muku ba, na so garin nan. Na so sanyin ruwansa, na so yadda ba a ɗaga murya, na so in kwanta ba tare da zullumin ko hadari zai taso ba. Maiwa ma ta so shi. Ta yi kore shar, ta wuce ƙuguna, ta wuce kaina, ta wuce katangar, ban taɓa ganin kara mai kaurin nata ba.

Kwana kaɗan bayan bikin, muna zaune kan katanga da yamma, Anri ya yi gyaran murya.

"Sani, Luk ba zai dawo ba. Na sani, kai ma ka sani."

Ya ci gaba:

"Ƙafar nan ba za ta sake hawa tsauni ba. In ka tafi zan sayar da awakin, daji ya ci sauran hawan. Ka zauna. Ka ɗauko matarka da 'yarka. Gidan da ke ƙasa da nawa naku ne, gonar mu raba, in na mutu ka riƙe duka. Na yi magana da magajin gari, ya ce shi zai tsaya kan takardunku. Odet ta ce ko yarinya ɗaya ce za ta buɗe mata lakwal."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. To a nan ne halinmu na gida ya shiga tsakani. Ku kun sani, a wurinmu ba a duban tsabar idon dattijo a ce masa a'a, balle wanda kake cin abincinsa. Ba a kuma amsawa da gaggawa kan abin da iyaye ba su ji ba. Sai a nemi wani abu a jingina maganar a jikinsa, a ce bari mu ga kaka, bari mu ga abin da Allah zai yi, kowa ya gane, a tashi ba wanda ya ji kunya. Idona ya faɗa kan maiwa, sai na ce:

"Baba Anri, mu bar wa maiwar nan. In ta fid da kai a ƙasar nan, na zauna. In ta ƙi, ka sallame ni."

Da a gida ne, da dattijo ya yi murmushi ya ce Allah shi nuna muna, shi ke nan an rufe zance. Anri ya dube ni, ya dubi maiwa, ya miƙo mini hannu. Na kama. Ya girgiza sau ɗaya da ƙarfi, irin yadda na ga suna yi in ciniki ya faɗa. Sai a lokacin na gane cewa abin da ni na yi don kara, shi alkawari ya ɗauke shi.

Kafin mako ya zagayo duk Gangare ta ji. Tsofaffin da ba su taɓa ganin maiwa ba suka mai da bayan gidanmu wurin hira. Wani ya turo takin tumaki a baro, wata ta ce a riƙa yi mata magana da safe, wai shuka na ji. Madam Odet kullum sai ta zo ta ɗaga ganye da sandarta ta leƙa, ta ce, "Ta ina kan yake fitowa, ta sama ko ta gefe?" Ta tambaye ni sunan 'yata, ta yi kwana biyu tana koyonsa, ta je ta rubuta Rabi da alli a jikin bencin gaba. Ni kuwa na rasa abin da nake roƙo. In na idar da salla sai in ɗaga hannu in sauke ban ce komai ba. Wani lokaci in hango uwarku tana tarar ruwa a bakin dutsen nan, ba guga ba igiya, daɗi ya rufe ni. Wani lokaci kuma in ji Inna tana cewa aro.

Ana cikin haka kaset ya iso daga gida ta hannun Luk. A zamaninmu wanda bai iya rubutu ba kaset yake aikawa. Anri ya ɗauko rediyonsa muka sa a ɗakin girki. Baba ne ya fara, gaisuwa, da wanda ya rasu, da wanda aka haifa, da cewa gero ya yi kyau. Uwarku ta ƙi magana don kunya, ana ji ana ce mata, "Ke, yi magana mana, ai ba shi ganin ki," ta ce, "Muna lahiya," ta ruga. Sai Inna.

"Sani, an ce can rana ba ta hwaɗuwa. To yaushe kaka kwana? Mu dai mun yanke gero, damana ta kai ƙarshe. Ni ban ce komi ba."

A bayan muryarta ana jin zakara, ana jin kukan Rabi, ana jin taɓare biyu suna amsa wa juna. Anri ya ce in sake sawa. Ya tambaye ni wannan bugun fa, na ce daka ake yi. Ya ce mutum nawa ne a gidanmu. Na fara ƙirga masa da yatsu, yatsun suka ƙare na sake zagayowa. Ya daɗe yana kallon rediyon, sannan ya ce gidan nan ma ya taɓa yin haka.

Abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya wani malamin gona a Shinkafi ya fahimtar da ni, shi ne maiwa ba kwanaki take ƙirgawa ba, tsawon yini take kallo. Ba ta ɗaukar ciki sai yini ya fara gajarta. A gida hakan na zuwa daidai da ƙarshen damina. A can kuwa yinin nan da ya ƙi ƙarewa ya ruɗe ta, ta yi ta tsawo tana jira, kuma lokacin da ya fara raguwa sanyi ya riga ya kamo hanya. Ganyen kurmi ya koma ja da rawaya, 'ya'yan itacen nan suka fara faɗowa, da safe in ka yi numfashi sai ka ga tururi. Kullum nakan bi karan ɗaya bayan ɗaya ina matsa wuyansu da yatsu ko zan ji kumburi. Babu. Daga baya ma na daina dubawa, na ce a raina magana ta ƙare, na fara tunanin tsarabar da zan kai gida.

Wata Alhamis da la'asar sama ta yi tas, iska ta ɗauke, sanyi ya sauko mai shiga ƙashi. Anri ya daɗe yana kallon sama, ya ce yau raɓa za ta daskare, duk abin da ke da ɗanyen ganye zai ƙone. Ya shiga wani ɗaki da ban taɓa ganin ya buɗe ba, ya fito da zannuwan gado farare masu ɗinkin hannu a gefe, suna warin daɗewa a akwati. Na matarsa ne, na aurensu. Madam Odet da ta gani sai ta rufe baki da hannu. Muka kafa sanduna muka lulluɓe maiwa tun daga sama har ƙasa, shi yana jan ƙafa yana ɗaure kusurwoyi da kansa, ya ƙi in karɓa masa. Can ƙarshen layi, inda katanga ta yi lungu, ya ƙara da bargon gadonsa. Na ce shi da me zai rufa, ya ce yana da murhu. Da muka gama na ja da baya na duba, ga su tsaye, dogaye, farare, cikin hasken magariba, sai ka ce mata ne suka yi sahu a filin idi.

Da gari ya waye na fita ni kaɗai. Duniya ta yi fari, ciyawa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Na ɗaga zanen farko, ganye ya yi laushi ya yi duhu kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Na biyu haka, na uku haka. Har zuwa nan, labarin da na saba ba ku gaskiya ne. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko uwarku, shi ne abin da na tarar a ƙarƙashin bargo. Kara ɗaya ne, a lungun katanga inda dutse ke riƙe ɗumin rana. Ganyensa kore shar, wuyansa ya kumbura, ganyen da ya naɗe shi ya tsage, kan ya leƙo tsawon ɗan yatsa, ɗanye, mai laushi. Maiwa ta fid da kai.

Na daɗe a tsaye ina riƙe da shi. Na zaci in haka ta faru murna zan yi, ko in ce Allah ya zaɓa mini. Amma ba haka aka yi ba. Tsoro ne ya kama ni, tsoro tsagwaronsa. Na ga an kawo mini wasiƙa an ce Inna ta rasu, an rufe ta tun mako uku. Na ga Rabi ta girma ita kaɗai a bencin gaba, tana gaishe ni da harshen da ni a bakin rijiya na tsince shi. Na ga kaina na tsufa kan katangar nan ina jiran ɗan da ya tafi birni, ina roƙon wani baƙo ya zauna. Ban yi istihara ba, ban yi shawara da kowa ba. Na sa babban yatsa na karye kan, na dunƙule shi a tafina, na zagaya garke na miƙa wa wata baƙar akuya. Ta lamushe shi tana kallona. Sannan na koma na naɗe zannuwan, na shiga na ce wa Anri sanyi ya gama da ita duka.

Ya karɓi zannuwan ya mayar ɗakin ya rufe.

Saboda haka, Rabi, ki daina cewa maiwa ba ta yi ba. Kai kuma Lawali, fushinka yana kan hanya, sai dai ka juyo da shi kaina, don da hannuna na zaɓa. Na dawo na sami Inna da rai, na yi shekaru ina gaishe ta kowace safiya, ni na sa ta a kabari, kuma wannan ban taɓa nadamarsa ba. Amma gonar da na dawo na gada yau na manta rabon da in taka ta, an ce sabara ta rufe ta, kuma ku ne kuke ɗauke da nauyin shawarar da ba a yi da ku ba. In kun tambaye ni ko daidai na yi, wallahi ban sani ba. Wata rana in ce daidai ne, wata rana in kasa haɗa ido da ku. Awakin Anri kuwa a gabana aka zo da mota aka kwashe su. Damina biyu bayan dawowata Luk ya aiko mini cewa tsohon ya rasu, Madam Odet ce ta lura hayaƙi bai tashi daga gidansa ba.

Ranar da zan tafi Anri ya rako ni har bakin hanya inda motar burodi ke tsayawa, tazarar da bai taɓa takawa ba tun da ya karye. Madam Odet ba ta fito ba, tagarta a rufe. Direba ya cusa jakata tsakanin kwandunan burodi. Na durƙusa zan yi wa Anri sallama irin tamu, ya kama kafaɗata ya ɗaga ni.

"Maiwar lungun katanga," in ji shi. "Tun ranar Talata na ga ta kumbura."

Na ce, "Baba Anri, me ya hana ka faɗa?"

"Kai ka yi alkawarin. Na ce bari ka gani da idonka, ka zo ka gaya mini da bakinka." Ya gyara riƙon sandunansa. "Da ka ce mini gida kake so, ai da na sallame ka. Ba sai ka ba akuya ba."

Direba ya danna hon. Na nemi abin da zan ce da Faransanci na rasa, da Hausa na roƙe shi gafara. Ya gyaɗa kai kamar ya ji, ya juya ya kama hawan, sanda ɗaya bayan ɗaya. Har muka sha kwana bai waiwayo ba.